Yadda Ake Ba da Labarin Maganar Wani a Turanci

Kowace shekara muna ganin ɗalibanmu suna asarar maki a nan, kuma sabo da Hausa ne ke jawo haka. Idan yaro ya ce, "Ina jin yunwa," mukan ce, "Ya ce yana jin yunwa." Lokacin aikatau bai canja ba. A Turanci kuwa sai ya ja baya. He said, "I am hungry today" yakan koma He said that he was hungry that day. Mu lura: I ta zama he, am ta zama was, today ta zama that day, alamun zance kuma sun fita. Amma gaskiyar da ba ta canjawa, kamar fitowar rana daga gabas, ana iya barinta yadda take. Mu riƙa gwadawa kullum kafin jarrabawa.