Mazurari mai tsayi biyu: inda maki ke zubewa a lissafin kon

Duk wanda ke sashen injiniya, safiyo ko zanen gine-gine zai yi karo da siffar nan da malamai ke kira kon. Ba baƙuwa ba ce: ita ce siffar mazurarin mai sayar da kananzir, ita ce ta malfa da jinkar ɗaki, ita ce kuma ta tsibin yashin da tifa ta juye. Gindinta da'ira ne, jikinta yana ta tsukewa har ya ƙare a tsini ɗaya.

Abin da ke kayar da mutane shi ne tsayinta biyu ne. Akwai tsayin tsaye, h, wanda ya sauko daga tsini zuwa tsakiyar gindi ta ciki. Akwai tsayin gangare, l, wanda ya bi jiki daga tsini zuwa bakin da'ira. Su biyun nan da rabin faɗin gindi, r, sun haɗa alwatika mai kusurwar digiri 90, don haka ƙa'idar Fitagoras ta ɗaure su: l² = r² + h². Ka ga ke nan l ya fi h tsawo kullum. In lissafinka ya ba ka akasin haka, kar ka ci gaba, koma baya.

Yawan abin da cikin kon zai ci shi ne ⅓πr²h. Wannan sulusin fa ba haddar banza ba ce. Nemi gwangwanin madara, ka naɗe kwali ya zama mazurari mai baki da zurfi daidai da na gwangwanin, ka riƙa cika shi da gero kana juyewa. A juyi na uku gwangwanin zai cika. Girkawa sun san haka tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, hujjar tana cikin kashi na 12 na littafin Yuklid.

To, mu je wurin gini. An juye maka tsakuwa, ana son ka faɗi yawanta kafin a biya. Ba za ka iya soka awo ta tsakiyar tsibi ba, amma kana iya zagaye gindinsa da tef. A ce ka samu mita 25.1. Raba da 2π, r ya zama mita 4. Sai ka jefa igiya ta kan tsini daga wannan gefe zuwa wancan, ta ba ka mita 10, wato l mita 5 ne. Yanzu h² = 25 − 16 = 9, h ya zama mita 3. Tsakuwar ke nan ⅓ × 22/7 × 16 × 3, kusan kubik mita 50.3.

Wanda ya yi gaggawa ya saka 5 a gurbin 3 zai samu 83.8. A jarrabawa maki ne suka tafi. A wurin aiki kuwa ya sa hannu an biya kuɗin kubik mita 33 da rabi na tsakuwar da babu ita, kuma shi za a tambaya.

Sai dai l ɗin ma yana da ranarsa. In tamfol za ka saya ka rufe tsibin nan, faɗin jikin kon kake nema, wato πrl: 22/7 × 4 × 5, kusan murabba'in mita 62.9. Da h ka yi amfani, 37.7 za ka samu, ruwan sama ya sami hanya. In an ce a haɗa da gindi, sai ka ƙara πr². Karanta tambaya da kyau, don jinka da malfa ba su da gindi, ba a ƙara musu komai.

Daga ina πrl ya fito? Tsaga mazurarin kwalinka daga baki zuwa tsini ka shimfiɗa shi. Za ka ga yankin da'ira ne wadda rabin faɗinta l ne, bakinsa mai lanƙwasa kuma tsawonsa 2πr. Kusurwarsa ita ce 360 × r/l. A misalinmu digiri 288 ke nan. 'Yan sashen ƙere-ƙere su riƙe wannan, da shi ake zana falan ƙarfe kafin a yanka. Maƙeran kasuwa da ido suke yin nasu, kuma sau da yawa yana fita, amma malamin wakshof lamba zai nema.

Akwai wata tambaya da malamai ke son ɗana tarko da ita. Mazurari mai cin lita 8, an toshe ƙasansa, an zuba mai har rabin zurfinsa. Lita nawa ke ciki? Yawancin aji za su ce 4. A rabin zurfi, r ma ya koma rabi, kuma r sau biyu yake shiga lissafi: ½ × ½ × ½, ɗaya bisa takwas. Lita 1 ce kacal a ciki, sauran 7 ɗin duk a rabin sama za su zauna.