Amsar Tambaya: Fis Mai Yawan Ƙonewa

Malam, takardarka ta iso, inda kake tambaya ko ya halatta ka ɗaura waya mai kauri a madadin fis ɗin da ya ishe ka da ƙonewa.

Ka sani, Allah ya ƙara maka basira, cewa ƙarfin da yake tura lantarki cikin wayar tagulla shi ake aunawa da bolt, wanda a gidajen Nijeriya ya kai kimanin 230, adadin wutar da take wucewa kuwa shi ne amfiya, kuma duk sa'ad da ya haura abin da waya take iya ɗauka, sai ta yi zafi har robarta ta narke. Hikimar fis ita ce an sirantar da shi da gangan, domin ya riga sauran wayoyi narkewa, ya yanke hanya tun gobara ba ta tashi ba. Na cikin filogi mai ƙafa uku haddinsa amfiya 13 ne, alhali dutsen guga da butar lantarki, in suka haɗu a kansa, suna iya zarce wannan.

Nasihata, don Allah kada ka aikata. Rage masa kaya; in bai daina ba, kashe babban makunni, ka kirawo mai gyaran wuta ya binciko inda wayoyi suke taɓa juna.