Darasi: Ɗalibai da Ziyarar Tsofaffi

Tun 1917 da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, mutane ke zuwa neman aiki. Wasu sun tsufa a Kawo, Unguwar Shanu da Badarawa, nesa da dangi. A Kano kuwa, akwai gidan gajiyayyu a Shahuci. Wani tsohon yana da abinci, amma ba shi da abokin hira. Kaɗaici yana saurin karya tsoho.

Ga yadda ɗalibai za su taimaka:

1. Su gai da mai unguwa ko shugaban gidan, su nemi izini.
2. Su rubuta sunan kowane tsoho da bukatarsa.
3. Su raba aiki: shara, wanki da ɗibar ruwa. 'Yan mata wajen mata, samari wajen maza.
4. Su zauna su yi hira. Su kira wa tsoho danginsa a waya.
5. Su sa rana guda a kowane mako, kada su saɓa. Tsohon da aka yi wa alkawari yana zaman jira.

A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba domin tsofaffi. Ranar ta dace da fara aikin.

Tambaya: Wane tsoho ne yake zaune shi kaɗai a ƙauyenku?