Ƙuduji a gona, sankara cikin jini

Manoman Illela da na Malbaza sun san ƙuduji. Haki ne mai manne wa saiwar hatsi yana shanye abincinta. Manomi ya tuge shi bana, baɗi ya sake fitowa. Dalili kuwa, irinsa ƙanana ne ƙwarai, suna kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, hauya ba ta taɓa su. Akwai wata cutar jini mai irin wannan hali.

1. Inda ake yin jini

In an fasa ƙashi, ana samun ɓargo a ciki. A cikin ɓargo ake yin jini. Nan ne wasu ƙwayoyi kaɗan suke zaune, ana ce musu iyayen jini. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da jini in an yanke. Jar ƙwaya tana rayuwa wajen kwana 120, sannan a maye gurbinta. Iyayen jini su kansu ba su cika aiki ba. Yawancin lokaci barci suke yi.

2. Yadda cutar ke farawa

Cikin kowace uwar jini akwai zaren gado guda 46, biyu-biyu, kowanne da lambarsa. A kansu aka ajiye umurnin da ƙwayar ke bi. Wani lokaci zare na 9 da na 22 su tsinke, su yi musayar guntaye. A wurin haɗin sai wani mugun umurni ya samu, sunansa BCR-ABL. Yana sa ƙwaya ta yi ta haihuwa ba hutawa, yana kuma hana ta mutuwa in lokacinta ya yi. Fararen ƙwayoyi su cika jini. Wannan ita ce sankarar jini mai tafiya sannu-sannu.

A 1960 masu bincike biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka ga wannan gajeren zare a birnin Filadelfiya na Amurka. A 1973 wata likita, Janet Rowley, ta gano cewa musaya ce aka yi. Cutar ba a ɗaukarta daga wani, ba a gadonta daga iyaye, ba kuma sammu ba ne.

3. Magani da abin da ke tsere masa

A 2001 aka amince a riƙa ba marasa lafiya wani magani na haɗiya, sunansa imatinib. Yana toshe aikin mugun umurnin, kamar yadda makulli ke rufe ƙofa. Ƙwayoyin cutar da ke yawo cikin jini su ragu, mutum ya samu ƙarfi, ya koma gona.

Amma iyayen jini masu ɗauke da cutar suna can cikin ɓargo suna barci. Magani ya fi cin ƙwayar da ke aiki, mai barci kuwa sau da yawa takan tsira. Ban da wannan, mugun umurnin yana sa ƙwaya ta riƙa yin kuskure in tana haihuwa. Wani kuskuren yakan canza siffar ƙofar, makulli ya daina shiga. In haka ta faru, likita ya canza wani magani.

Shi ya sa jin sauƙi ba warkewa ba ne. Wanda ya bar magani don kansa ya yi kamar manomin da ya tuge ƙuduji sau ɗaya ya jingine hauya. Likita kaɗai ke iya cewa a dakata, bayan shekaru ana awon jini.

4. Alamomi

Gajiya, rama, zufar dare, da kumburin saifa a hagun ciki. Zazzaɓin cizon sauro ma yana kumbura saifa, don haka ido ba ya rarrabewa, sai awon jini. Mai irin waɗannan alamomi ya je likita, ko a Ƙonni, ko asibitin Galmi, ko a Tawa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da cutar daji.

Tambayoyi

1. A ina ake yin jini?
2. Waɗanne zare biyu ke yin musaya?
3. Me ya sa magani ba ya kashe iyayen jini duka?
4. Ta ina cutar ta yi kama da ƙuduji?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi wani manomi yadda yake fama da ƙuduji, ya rubuta amsar cikin layi biyar.