Tafiya Tare Ba Ita Ce Sanadi Ba: Tsokaci Kan Binciken Harshe da Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

A Suleja, inda na tashi, ba abin mamaki ba ne a sami yaro yana jin Hausa da Gwaranci da Turanci, wani ma har da Yarabanci ko Nufanci. Tun daga 1976 da aka tsayar da sabon babban birnin tarayya kusa da mu, baƙi suke ta kwararowa. Nakan ji malamai suna cewa irin waɗannan yara sun fi kaifin basira. To, ta yaya ɗalibin harshe zai tabbatar da haka? A nan zan duba hanyoyi biyu da masana halayyar ɗan Adam suke bi.

Nazarin Dangantaka

Wannan hanya tana auna yadda abubuwa biyu suke tafiya tare. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Karl Pearson ne, yana kamawa daga -1 zuwa +1. Idan yawan harsunan yaro da makinsa suna hawa tare, sakamakon zai doshi +1. Idan ɗaya na hawa ɗaya na sauka, zai doshi -1. Sifili kuwa, babu dangantaka ke nan.

Sai dai akwai tarko. Mu ɗauka na auna yara a wata firamare a Madalla, na ga masu harsuna uku sun fi maki. Ba ni da hurumin cewa harsunan ne suka jawo. Wataƙila iyayensu ma'aikata ne a Abuja masu halin sayen littattafai. Wataƙila kuma mai basirar ne tun asali yake saurin ɗaukar harshe.

Tarkon ya taɓa kama masana. A shekarun 1920 an jarraba 'ya'yan baƙi a Amurka da Turancin da ba su ƙware ba, aka ce harshe biyu na dakushe ƙwaƙwalwa. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka auna 'yan shekara 10 a Montreal ta Kanada, tare da la'akari da matsayin iyaye, sai masu harshe biyu suka yi fice. Duk da haka su da kansu ba su yanke hukuncin wanne ne ya haifi wanne ba.

Hoton Ƙwaƙwalwa

A da, sai mutum ya rasu ake duba ƙwaƙwalwarsa. Haka Paul Broca ya yi a Faransa a 1861 da wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna cewa na'urar MRI za ta iya bin sauyin iskar oksijin a jini, aka sami damar kallon ƙwaƙwalwar mai rai yana karatu ko sauraro.

A lura, jini na'urar take aunawa, ba tunani ba, kuma yakan yi jinkirin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka hoton ma dangantaka yake nunawa. A 2000 Eleanor Maguire ta ga wani sashe mai kula da tuna hanya ya fi girma a direbobin tasi na Landan. Tuƙin ne ya girmar da shi, ko masu irin wannan ƙwaƙwalwa ne suke shiga sana'ar? Sai a 2011, bayan ita da Katherine Woollett sun bi masu koyon aikin shekara uku zuwa huɗu, aka ga sashen ya ƙaru ga waɗanda suka ci jarrabawar kaɗai.

Kammalawa

Babu na'urar MRI a sashenmu, amma dabarar Maguire tana hannunmu. Mai son rubuta kundi kan yaran Suleja ya zaɓi 'yan gidaje masu kusancin hali, ya jarraba kowa da harshen da ya fi ƙwarewa, ya auna su a farkon shekara da ƙarshenta. Idan awo ɗaya ya samu yi, to ya rubuta "akwai dangantaka", kada ya rubuta "shi ya jawo". Rahoton da ya haɗa biyun na iya sa uba ya hana ɗansa Gwaranci ko Hausa a gida ba gaira ba dalili.