DARASI: YADDA ZA KA TANTANCE KWAMIN KIFI KAFIN KA BIYA KUƊI



Darasinmu na yau amsa ce ga tambayar da ta fi yawan zuwa daga masu shirin fara kiwon tarwaɗa a Lausu, Rano, Kibiya da kewaye: "Tamfol zan saya, ko tankin roba, ko in gina na siminti?"

Gaskiyar magana, kowanne a cikinsu yana kiwo, kuma kowanne yana iya jawo asara. Abin lura shi ne ingancin wanda ka saya, da kuma ko ka gwada shi kafin ka zuba kifi. Kwami ne zai riƙe maka 'ya'yan kifi da duk abincin da za su ci na wata 4 zuwa 6. Idan ya fashe da tsakar dare a wata na huɗu, duk jarin ne ya bi ruwa.

1. FARA SANIN NAUYIN DA ZAI ƊAUKA

Masu sayarwa sun fi yin awo da ƙafa. Mu ɗauki kwami mai tsawon ƙafa 10, faɗi ƙafa 10, tsayi ƙafa 4. Ba a cika shi har baki, domin tarwaɗa tana tsalle, don haka mu ce ruwan ya tsaya a ƙafa 3.

10 x 10 x 3 = 300. Ka ninka da 28.3, zai ba ka kusan lita 8,500.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan kana da tan 8 da rabi, daidai da nauyin buhun siminti 170, a tsakar gidanka.

Ba ƙasa kaɗai ruwan yake dannawa ba, yana tura bango ma. A zurfin ƙafa 3, kowane ɓangare na wannan kwamin yana shan turi na sama da tan ɗaya. Ka ƙara ƙafa ɗaya kacal, turin zai haura tan biyu. Kuma ƙarfin turin ya fi yawa daga can ƙasa. Shi ya sa kwami yake fara yin ciki daga gindi, kuma shi ya sa mai zagaye ya fi mai kusurwa huɗu juriya, saboda nauyin yana rarrabuwa ko'ina daidai.

Ka riƙe wannan lissafi a ka. Duk abin da mai kaya ya nuna maka, ka tambayi kanka: wannan zai riƙe buhu 170 har tsawon shekaru?

2. KWAMIN TAMFOL

Shi ne mafi sauƙin farawa, musamman ga mai zaman haya, domin ana naɗe shi a tashi da shi. Amma nan ne aka fi cutar sabon shiga.

Tamfol kala biyu ne a kasuwa. Akwai mai saƙa irin ta buhu, mara nauyi, wanda ake shanya shinkafa ko rufe hatsi da shi. Wannan ba na kifi ba ne, rana tana cinye shi ya riƙa marmashewa. Na kifi shi ne mai zare a tsakiya wanda aka lulluɓe da robar PVC ciki da waje. Idan ka duba bakin da aka yanka za ka ga fararen zaruruwa a tsakanin roba biyu.

Ana auna kaurinsa da GSM, wato nauyin giram nawa murabba'in mita ɗaya yake da shi. Za ka ji ana cewa 550, 650, 750, har 900. Don kiwon manyan kifi a waje, ka nemi daga 650 zuwa sama.

To, ta yaya za ka san ba baki kawai aka faɗa maka ba? Ka roƙi ɗan ƙyalle daga ainihin naɗin da za a yi maka aiki da shi. Ka yanka shi santimita 10 tsawo, santimita 10 faɗi, ka ɗora a ƙaramin sikelin dijital irin na masu gwal. Abin da ya nuna, ka ninka sau 100. Idan ya nuna giram 6.5, GSM ɗinsa 650 ne. Idan an ce maka 750 amma sikeli ya nuna 4.8, ka san inda aka dosa.

Da wannan ƙyallen dai, ka yi gwaji uku:

• Ka ninke shi ka buɗe sau 20 a waje ɗaya. Idan layin ya yi fari ko ya tsage, ba zai jure sanyin hunturu da zafin bazara ba.
• Ka ɗan tsaga bakinsa da reza ka ja da ƙarfi. Mai kyau zarensa zai turje, mara kyau zai tafi kamar takarda.
• Ka haska fitilar waya ta bayansa. Idan ka ga ɗigo-ɗigon haske kamar rariya, robar ba ta rufe zaren ba.

Sai mahaɗa. Yawancin yoyo daga mahaɗa yake farawa. Mahaɗa mai kyau ita ce wadda aka narka da injin zafi har ɓangarorin biyu suka zama abu ɗaya, kuma suka hau juna da faɗin aƙalla yatsa biyu. Ka sa farce ka gwada ɓamɓare ta, musamman a kusurwa. Idan ta ɗaga, da gam aka manna. Idan kuwa ɗinki ka gani a inda ruwa zai kwanta, kowane ramin allura ƙofar yoyo ce.

Tsohon tamfol na babbar mota da tsohuwar ledar allon talla, ka bar su. Rana ta riga ta cinye rabin ransu, kuma ba ka san mai ko fenti ko sinadarin da ya taɓa su ba.

3. ƘARFEN DA KE RIƘE DA SHI

Tamfol ruwa kawai yake tarewa, ƙarfe ne yake ɗaukar turin. Mutane da yawa suna ɓata lokaci a kan tamfol su manta da wannan.

Ka leƙa bakin fayif ɗin ka ga kaurin namansa, domin fayif biyu suna iya zama faɗi ɗaya amma ɗaya siriri ne kamar gwangwani. Wanda aka yi wa rufin hana tsatsa tun daga kamfani ya fi wanda aka shafa wa fenti ruwan azurfa don ya yi kama da shi. Ka ɗan kankare da makulli: fenti zai fita ya nuna baƙin ƙarfe.

Ka duba walda. Tana zagaye mahaɗa gaba ɗaya ko ɗiga ta aka yi? Akwai tsinin da zai huda tamfol? Ka duba tazarar ƙafafun tsaye, kada ta wuce ƙafa 2 zuwa 2 da rabi, kuma a sami ƙarfen kwance a tsakiya da can ƙasa inda turi ya fi yawa. Ka kama shi ka girgiza. Abin da ya yi rawa a hannunka babu ruwa, me kake tsammani idan an cika?

Idan katako za ka sa don rage kuɗi, ka tuna da gara. Kada ya taɓa ƙasa kai tsaye, kuma maganin garar da aka shafa masa kada ya sami hanyar shiga ruwa.

4. TANKIN ROBA

Wasu suna sayen wanda aka ƙera don kifi, wasu suna yanka tankin ruwa irin wanda muke kira GP. Ga abin dubawa:

• Kauri ya zama ɗaya. Ka bi jikinsa kana dannawa da tafin hannu. Inda ya lotsa da sauƙi, wurin ya yi siriri.
• Ka leƙa cikinsa da rana. Inda haske ya fi ratsowa, nan ne raunin.
• Cikinsa ya zama sumul, babu ƙuraje ko ɗigon launuka daban-daban. Waɗannan sukan nuna an haɗa da tsohuwar robar da aka sake narkawa, ita kuwa tana saurin tsagewa.
• Idan na hannu ne, ka goga yatsa a jikinsa. Idan gari ya biyo yatsanka kamar alli, rana ta ƙona shi.

Ka sani, da zarar ka yanke saman tankin ruwa ka rage masa ƙarfi, sai ka yi masa zoben ƙarfe a baki.

Akwai kuma farin tanki mai kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, wanda kamfanoni ke sayarwa bayan sun juye kayansu. Yana da kyau wajen renon ƙananan kifi, amma tambaya ɗaya ce: me aka taɓa zubawa a ciki? Ka karanta takardar jikinsa, ka buɗe ka shinshina. Idan an kankare takardar kuma mai kaya ya ce bai sani ba, ka wuce. Roba tana riƙe wasu sinadarai, wanki ba ya fitar da su duka.

Wanda ya sami tankin faiba irin na gidajen ƙyanƙyasa, ya ƙwanƙwasa jikinsa da tsabar kuɗi. Ƙara mai kaifi lafiya ce, inda ya yi "buf-buf" kuwa shimfiɗun cikinsa sun rabu. Ya duba tsagewa mai kama da yanar gizo-gizo, da inda gashin faiba ya fito fili.

5. KWAMIN SIMINTI

Shi ya fi daɗewa, amma sai idan filin naka ne. A nan ba kanti za ka tantance ba, magini za ka sa wa ido.

A yi daɓen kankare a kan ƙasar da aka danne sosai. A yi amfani da bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare, a sa ginshiƙi mai rodi a kowace kusurwa. Bulon da ka murza da yatsa ya zube, yashi ne ya yi masa yawa. Filastar ciki ta zama sumul, domin tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, bango mai kaushi yana kuje mata fata, ciwo ya sami ƙofa. A lanƙwasa kusurwoyi don kada datti ya taru.

Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke ɗaga pH na ruwa har ya kashe kifi. Ka cika, ka bar shi kwanaki, ka zubar, ka maimaita na aƙalla mako 2 zuwa 3. Kada ka zuba kifi sai takardar gwajin pH ta tsaya tsakanin 6.5 da 8.5.

6. MAFITAR RUWA

Ko wane iri ka zaɓa, ka durƙusa ka kalli mafitar ruwa da kyau. Tarwaɗa tana ɓata ruwa, canjin ruwa kuwa aikin kusan kullum ne idan suka girma. Fayif ɗin kada ya gaza inci 2. Ya kasance a wuri mafi gangara, yadda datti zai fita duka. Inda ya ratsa tamfol ko roba, a sa mahaɗi mai zare da robar matsewa ciki da waje, kada a cusa fayif a shafe da gam kawai. A sa raga a bakinsa don ƙananan kifi.

7. RANARMU DA ƘASARMU

Kayan da ya yi shekaru a kudu ba lallai ya yi haka a nan ba. A watan Afrilu zafi yana kai maki 40, da hunturu kuma dare ya yi sanyi sosai. Tarwaɗa ta fi cin abinci idan ɗumin ruwa yana tsakanin 26 da 30. Baƙin tanki a tsakiyar rana yana dafa ruwa, ƙaramin tanki kuma yana saurin hucewa da dare. Don haka kuɗin rumfa yana cikin kuɗin kwami. Ko ta zana ce ka yi, za ta kare kifi ta kuma ƙara wa roba kwana.

Yankinmu na Rano akwai duwatsu da tsakuwa. Tsakuwa ɗaya mai tsini a ƙarƙashin tan 8 ta isa ta huda tamfol. Ka share wurin, ka daidaita shi, ka shimfiɗa yashi mai laushi kaurin inci 2 zuwa 3. Kada ka ajiye buhun abinci kusa da shi, domin ɓera da gafiya ba sa raina tamfol.

Batun ruwa kuma, wanda ke kusa da Dam ɗin Tiga ko Ruwan Kanya ko magudanan noman rani na Bunkure da Kura yana da sauƙi. Wanda ya dogara da rijiya ko bohal, kowace lita fetur ce ko kuɗin ɗan garuwa. A kwami mai ƙafa 10 da 10, ruwa ya sauka inci ɗaya kacal, ka rasa kusan lita 235, sama da duro guda.

8. GWAJIN RUWA KAFIN CIKON KUƊI

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Tun wajen ciniki, ko a Kasuwar Ƙofar Ruwa ka haɗa kayan ko wani ne zai kawo ya kafa maka, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa cikon kuɗi sai bayan gwaji.

Ka cika kwamin har inda za ka riƙa tsayar da ruwa, ka yi alama. Ka ajiye bokiti cike da ruwa a gefensa, shi ma ka yi masa alama. Bayan kwana 2 ka duba. Idan sun sauka kusan daidai, rana da iska ne suka sha. Idan kwami ya fi bokiti sauka sosai, akwai yoyo. Ka zagaya ka duba danshi a ƙasa, da ƙarfen da ya lanƙwashe, da mahaɗar da ta fara buɗewa.

Bayan nan ka wanke, ka sake sabon ruwa, ka saka kifi 5 zuwa 10 na kwana 3. Idan suna iyo lafiya suna cin abinci, sai ka kawo sauran.

A ƘARSHE

Kada ka tsaya a kan "nawa ne?" Ka raba kuɗin da yawan zagayen kiwon da zai yi maka. A misali kawai: wanda ka saya naira 60 ya yi zagaye 2, kowane zagaye ya ci 30. Wanda ka saya naira 100 ya yi zagaye 8, kowane zagaye bai kai 13 ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Idan kuɗinka bai kai babba mai inganci ba, ka sayi ƙarami mai inganci, ka rage yawan kifi. Kuma kafin ka biya, ka ce mai kaya ya kai ka wajen wanda ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka gani da idonka. Mai aikin kirki ba ya gudun wannan.

Ranar shiga kasuwa ka tafi da tef ɗin awo, reza, fitilar waya da ƙaramin sikeli. Mai tambaya ya turo girman filinsa da inda yake samun ruwa, sai mu yi lissafin tare. Darasi na gaba zai zo kan yawan kifin da ya kamata a zuba a kowane girman kwami.

Allah ya sa albarka a nema.