Kada a Tare wa Ruwa Hanya: Famfon Kashe Gobara na Jikin Silin

Da zarar an gama girbi an kai gero rumbu, samari da magidanta da yawa a ƙasar Sassumbrum sai su saɓi jaka su tafi ci-rani. Wasu su nufi Damagaram ko Yamai, wasu su tsallaka iyaka zuwa Kano, Abuja har Legas. A can sukan yi lebura a wurin gini, ko dako a sito, ko gadi a otal da banki. Wannan darasi nasu ne, da duk wanda wata rana zai shiga babban gini.

In ka shiga irin wannan gini, ɗaga kai ka dubi silin. Mai yiwuwa ka ga wasu 'yan ƙarafa a jere, kowanne da 'yar kwalba siririya mai jan ruwa a ciki. Ba ado ba ne. Kawunan famfon kashe gobara ne. A bayansu akwai bututu cike da ruwa, ya taso daga tanki da injin turo ruwa.

'Yar kwalbar nan ita ce ta toshe bakin famfon. In wuta ta tashi, zafi da hayaƙi sai su yi sama su taru ƙarƙashin silin. Zafi na kai digiri 68, sai ruwan cikin kwalbar ya kumbura ya fasa ta, ruwan bututu ya ɓalle. Yana fitowa sai ya bugi wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora, ya watsu ta ko'ina. Zafin bazara a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, amma bai isa ya fasa ta ba. A wurin da ya fi zafi, kamar ɗakin girki ko ƙarƙashin rufin kwano, ana sa kwalba mai launin rawaya, ta digiri 79, ko koriya, ta digiri 93. Ka lura, ba duka kawunan ke buɗewa ba, sai wanda zafi ya kai gare shi. Kai ɗaya yana zubar da ruwa kusan lita 60 a minti guda, ko fiye. Yi lissafi: jarka nawa ke nan masu lita 20?

Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Henry Parmelee ne ya ƙera irin wannan famfo a 1874 don ya tsare masana'antarsa ta kayan kiɗa a garin New Haven. Frederick Grinnell ya inganta shi a 1881. A 1896 aka kafa ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA a Amurka, kuma ƙa'idojinta ne injiniyoyi ke bi a ƙasashe da dama har gobe. Amfanin famfon a fili yake. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, ta cinye dubban shaguna. Babbar kasuwar Yamai ma ta ƙone a 1982. Wuta ba ta jiran mutane su farka, shi kuwa wannan famfo ba ya barci.

To amma yana da sharaɗi guda, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna: sai ruwan ya sami hanya.

Ka taɓa lura da amalanken da aka bari a fili lokacin ruwan sama? Ko'ina ya jiƙe sharkaf, amma ƙarƙashinsa a bushe. Haka abin yake a cikin gini. A manyan gine-gine akwai wasu manyan bututu na kwano masu kusurwa huɗu, rataye ƙarƙashin rufi. Su ke kai iska mai sanyi ɗaki-ɗaki, wasu kuma su fitar da hayaƙin girki. In irin wannan bututu ya gitta ƙarƙashin kan famfo, ruwa sai ya zuba a bayansa ya gangara gefe. Kayan da ke ƙasansa kuwa su yi ta ci da wuta, ga ruwa na zuba dama da hagu.

Saboda haka aka yi ƙa'ida. In faɗin bututun iska ya wuce mita 1 da santimita 20, wato kamu uku ba kaɗan, dole a ƙara wani kan famfo a ƙarƙashinsa. Na sama ba a cire shi, yana nan yana tsaron sauran ɗakin. In bututun bai kai haka faɗi ba, sai a matsar da kan famfon gefe, yadda ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. Gwargwadon yadda bututun ya sauko ƙasa, gwargwadon nisan da za a ba shi. Ga ƙananan abubuwa, kamar siririn bututu ko ƙarfen rufi, ana barin tazarar da ta ninka kaurin abin sau 3.

Wani zai ce, to me zai hana a sauko da kawunan duka ƙasa da bututun, a huta? Tambaya ce mai kyau, amma ba a yin haka. Ka tuna zafi sama yake taruwa. Kan famfon da ya yi nisa da silin ba zai ji zafi da wuri ba, kafin kwalbarsa ta fashe wuta ta riga ta yi ƙarfi. Shi ya sa a silin mai bai ɗaya ba a barin ya sauko fiye da santimita 30. Ka ga abu biyu ake nema a lokaci guda: ya ji zafi da wuri, ya kuma watsa ruwa ba tare da shamaki ba.

Yawanci ɓarnar daga wurin gini take farawa. Mai aikin famfo ya zo ya ɗaura nasa ya tafi. Bayan wata guda mai aikin na'urar sanyi ya zo, ya ga fili, ya ratsa da bututunsa, ba ruwansa da abin da ya rufe. Kowa ya karɓi kuɗinsa. A ganina laifin ba na leburori ba ne, na wanda bai haɗa su sun dubi zanen ginin tare ba ne. Duk da haka, in kana wurin ka ga an rufe kan famfo, kada ka ce ba huruminka ba ne. Je ka shaida wa shugaban aiki cikin ladabi: “Maigida, ga wani abu na gani, ko za a duba?”

Kai kuma ɗan dako, naka ya fi sauƙi, ya kuma fi faruwa. Buhu da kwali ma suna tare ruwa. In kana jera kaya a sito, bar tazarar santimita 45 tsakanin saman kaya da kan famfo. Ba sai ka nemi abin awo ba: kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai sito zai so a cika har sama don kuɗin haya, ka nuna masa abin da ka sani. Kada a rataya riga ko igiya a jikin kan famfo. Kada mai fenti ya shafe shi, domin fenti na hana kwalbar jin zafi, yana kuma liƙe bakin. Wanda aka shafa ba a wanke shi, sauya shi ake yi.

Maigadi kuma ya san inda makunnin ruwan yake. Babban abin da ke sa wannan famfo ya kasa aiki shi ne a rufe ruwa don gyara, a manta ba a buɗe ba. In ka karɓi aiki da yamma, leƙa ka gani a buɗe yake. In kuwa wuta ta tashi, ko da famfon na zuba, fitar da mutane tukuna, sannan ka kira 'yan kwana-kwana. A Nijar lambarsu 18 ce, rubuta ta a bangon littafinka yanzu.